Mafici, Fanka da Ƙanƙara

A unguwarmu ba a zama injiniya da takarda. Ya isa a taɓa ganinka riƙe da sukudireba a bainar jama'a, abin da ka kwance kuma a yi dace ya tashi. Ni rediyon wani maƙwabci ce ta jawo mini sarautar. Batir aka saka mata a juye. Kallo ɗaya na gane, amma sai da na kwance bayanta, na hura, na yi tsaki, na girgiza kai na ɗan lokaci, don kada aikin ya yi araha a idon mai ita. Daga ranar aka sauke mini "Malam" aka ɗora mini "Injiniya", ni kuma ban yi gardama ba. A kan me zan yi? Fiziks nake koyarwa a sakandare. Ina da mita mai jar waya da baƙa, ina da ƙarfen liƙi wanda bai taɓa ƙona kowa ba sai ni. In ka ɗebe shaidar karatu da iya aiki, faɗa mini abin da injiniya ya fi ni da shi.

Suna kuwa ba ya tsayawa inda aka raɗa shi. Nawa ya tsallaka titi ya isa gidan surukaina. Surukina shi ne ke ajiye kayan sautin unguwarsu: ampilifaya guda mai nauyin tsiya, manyan lasifikoki biyu na akwati, da makirufo mai igiya. Da su ake ɗaurin aure, da su ake suna, da su ake walimar sauka. To ga bikin ƙanwar matata ya matso, a cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haye digiri 40 ba sallama, ga ampilifaya ta ɓullo da sabon hali. Aka aiko in zo. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa a zaure, na gaishe shi kaina a ƙasa.

"Malam," in ji shi, "an ce kana ɗan taɓa irin waɗannan abubuwa."

"Baba, ai ƙaramin abu ne," na ce. Lura, a lokacin bai ma gaya mini abin da ya same ta ba.

Ga halin nata. In an kunna, sai ta yi shiru na 'yan daƙiƙu, sannan ka ji ƙas, rile ya haɗa, sauti ya fito garau. Muddin a hankali ake magana, sai ta yini ba ta saɓa wa kowa ba. Amma da zarar an murɗa sauti sama, balle in da kiɗa mai dukan ƙirji, sai ƙas kuma, komai ya ɗauke, wata 'yar jar fitila ta kama a gabanta, a ƙarƙashi an rubuta da Turanci cewa zafi ya yi yawa. Wani lokaci ta dawo nan take, wani lokaci sai an gaji da jira. Aka kunna mini a nan zauren, tana zaune a mazauninta na kullum, bisa akwatin lasifika. Aka saka kiɗa, aka ƙara murya, jar fitila ta kama. Na miƙe cikin natsuwa, na ɗauki maficin Baba, na dafa murfin da hannu ɗaya don in ji daɗin tsayuwa, na fara yi mata fifita. Ban yi kaɗawar kirki ba sai ƙas, kiɗa ya dawo. Wani dattijo da ke gefe ya ce, "Ikon Allah! Ilimi kogi ne."

Wanda aka ce wa haka a gaban surukinsa ai ba ya yin shiru. Na gyara murya na buɗe aji. Na bayyana musu cewa irin wannan ampilifaya, wadda ake kira ajin AB, ko a takarda ba ta iya miƙa wa lasifika fiye da kashi 78.5 cikin ɗari na wutar da ta sha, a aikace kuwa rabi ko fiye zafi yake zama. Zafin a jikin tiransistoci yake taruwa, su kuwa in cikinsu ya wuce digiri 150 sun gama yawo, shi ya sa ake ɗaure su a jikin dogon ƙarfen alminiyom mai haƙarƙari, fanka tana ja masa iska. A jikin ƙarfen akwai wani ɗan abu mai faɗin kwabo, tamostat, wanda aka buga wa lamba 85. Cikinsa ƙarafa biyu ne manne da juna, ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa in ya ji zafi, saboda haka da an kai digiri 85 sai faifan ya lanƙwashe ya yanke hanya, rile ya saki lasifika. Har gyara na yi musu: na ce wani maƙerin agogo ɗan Ingila, John Harrison, shi ya ɓullo da dabarar manna ƙarafan nan a ƙarni na 18. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ko gaban alƙali zan maimaita. Za ka ce me ya hana in taɓa ƙarfen in ji ko da zafin. To hannun dama yana riƙe da mafici, na hagu yana nuni. Hannu nawa Allah ya ba ni?

Na ɗauko ta a adaidaita sahu, na rungume ta a cinya, na sauke a kan teburin falo. Da na ɗaga murfi na tarar da tarihin hunturu da yawa: ƙura ta yi bargo a kan fanel, zanzaro ya gina ɗakinsa a lungun taransifoma, ga busasshen kyankyaso a kwance, da alama ajali ya riske shi yana tsakiyar bincike irin nawa. Na zare filogi, na shiga shara da tsohon buroshin haƙori. Akwai wasu manyan kafasitoci a tsaye a ciki, masu siffar gwangwani, da ke riƙe wuta wajen bolt 70 ko bayan an raba su da soket. Wannan magana na sha faɗa wa ɗalibai, har ina buga tebur. Na miƙa sukudireba in ture gawar kyankyaso, bakinta ya haɗa ƙafafu biyun ɗaya daga cikinsu. Ɗan'uwa, ƙarar da ta tashi har kajin maƙwabta sai da suka amsa. Na tsinci kaina zaune a kan kujerar da ban tuna na nufa ba, bakin sukudireba ya yi giɓi, ƙaramar 'yata tana tafi tana cewa in sake.

Uwargida ta leƙo daga kicin. "Malam, lafiya?"

"Gwaji ne," na ce. "Yana nuna kafasitocin suna da rai."

"To Allah ya sa mu ma mu kai gobe da namu," ta ce, ta koma.

Bayan shara na gwada ta. Ita tana kan tebur, lasifikar da na aro tana can ƙasa a ƙuryar ɗaki. Na murɗa sauti har tagogi suna rawa, tun bayan la'asar har aka kira magariba, jar fitila ko ƙyaftawa. Na mayar wa Baba ita da kaina, ina tafe ina amsa gaisuwar da ba a yi mini ba. Aka ɗora ta bisa akwatinta, aka saka kiɗa, aka ƙara murya. Ƙas. Na dubi fitilar, na dubi Baba, na dubi rufin zaure. Amsa ta zo mini nan take, don ni amsa ba ta yi mini wuya: falona ya fi zauren iska. Ashe aikin bai ƙare ba, sanyi ne bai isa ba.

Sai Sabon Gari. Na bi Titin Faransa shago shago, ina ambaton sunayen kaya da ƙarfi don masu shago su san ba baƙauye ya zo ba. Na sayi fanka 'yar bolt 12 irin ta kwamfuta. Mai shagon ya tambaye ni, "Ciki za ta hura ko waje za ta ja?" Na yi masa murmushin da nake wa ɗalibin da ya yi tambayar da ba ta cikin manhaja, na ce iska ai iska ce. A gefen fankar akwai 'yar kibiya da aka zana mai nuna inda iskar ke bi. Na gan ta. Na ɗauka ado ne. Na kuma sayi farin man nan da ake shafawa tsakanin tiransisto da ƙarfe. A gida na kwance tiransistocin ɗaya bayan ɗaya, 2SC5200 da abokin tafiyarsa 2SA1943, 'yan gidan Toshiba, kowanne mai ɗaukar wat 150, lafiyarsu lau, ba su yi wa kowa komai ba. Aikin man shi ne cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, shafa ɗaya siririya ta wadatar. Ni kuwa ba a san ni da rowa ba. Na lafta musu har yana tsatsowa ta gefe. Daga nan na aro abin huda ƙarfe wurin mai walda, na zauna a tsakar gida na yi wa murfin huji, na jera su a siffar tauraro, don aikin injiniya ya kamata a gane shi tun daga nesa. A kan teburina ta yi aiki har na gaji da saurare. A zauren Baba, bisa akwatinta, ko baiti ba a kai ba ta yanke.

Kada ka ɗauka ban yi binciken kirki ba. Na yi. Na san abin da ke sa ampilifaya zafin gaske: a tara mata lasifikoki da yawa har nauyin ya fi ƙarfinta, ko fanka ta mutu, ko a toshe mata hanyar iska. Na duba lasifikokin, kowace om 8 ce, in an haɗa su kafaɗa da kafaɗa a mafita ɗaya su koma om 4, kuma abin da aka rubuta a bayanta ta yarda da hakan. Fankarta ta asali tana juyawa. Ƙura na share. Wato duk wata ƙofa da zafi zai shigo ta ita na leƙa na tarar a rufe, amma wannan bai girgiza imanina da jar fitila ba. Har na kai ga gwajin da masu gyara ke yi na ɗan lokaci: na ɗauki guntuwar waya na haɗe ƙafafu biyun tamostat, yadda ko wuta aka hura masa ba shi da ikon yankewa. Muka kunna a zaure. Ƙas, ja ta kama. Kai da kake zaune a inuwa kana karantawa na san abin da za ka ce: in tamostat ba shi da ikon yankewa kuma aka yanke, ai ba shi ya yanke ba, kuma ba zafi ba ne. Sannunka. Ni abin da na gano ya fi wannan zurfi. Na sanar da dattawa cewa zafin ya yi ƙarfin da har ya tsallake tamostat ya je ya kunna fitilar da kansa. Na cire guntuwar wayar, na juya ga surukina, na ba shi shawarar a fasa taga a bangon zaure ta ɓangaren arewa.

Baba ya daɗe yana kallon bangon da mahaifinsa ya gina. Ya ce, "To, za mu duba."

Da dare uwargida ta kawo tuwo ta zauna. "Malam, akwai wani tsoho mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Da ka kai masa, ko don ya taya ka gani."

Na ajiye loma. Na tambaye ta ko tsohon ya san John Harrison. Ta ce ba ta sani ba, amma ta san bai taɓa cewa a rushe wa mahaifinta bango ba. Mata ba su cika fahimtar kimiyya ba, shi ya sa ban ja maganar ba.

Ranar biki na zo da shirin ƙarshe, wanda na kwana ina zanawa a bayan takardun jarrabawar ɗalibai. An ɗaura aure da hantsi lafiya, don liman a hankali yake magana. Da yamma aka kafa rumfa a ƙofar gida, makaɗan kalangu suka iso, maroƙi ya karɓi makirufo. Ni kuwa na sa an ɗora ampilifaya bisa akwatinta, na kawo fantekar uwargida, na saka mata ƙatuwar ƙanƙara, na ajiye a gefen ampilifayar a kan akwatin, na kafa fanka mai tsayuwa tana hura iska ta kan ƙanƙara zuwa cikin tauraron hujina. Na sha sabuwar shadda, mita tana rataye a wuyana, wayoyinta suna lilo. Mutane suna wucewa suna tsayawa kallo, ni kuma ina yi musu bayani ko ba su tambaya ba. Akwai wani yaro da aka ɗauko ya kula da janareta, bai wuce shekara goma sha huɗu ba, rigarsa duk baƙin mai. Ya yi ta zagaye yana leƙe. Can ya matso.

"Kawu, in ɗan taɓa bayanta?"

"Kai, tafi ka kula da injinka. Wannan ba wasan yara ba ne."

Daidai gindin akwatin aka ajiye wa Baffa kujera, yayan surukina, wanda ya taso tun daga Katsina. Kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa ya zaɓi wurin. Yana sanye da farar babbar riga mai aska takwas, ta sha bugu tana ɗaukar ido.

Kalangu ya ɗauka. Maroƙi ya fara jero kakannin ango, aka murɗa sauti, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Na tsaya hannu a ƙugu ina kallon fitila, ita ma tana kallona. An kai kaka na uku sai ƙas. Unguwa ta yi tsit, sai bakin maroƙi da ke ta motsi ba a jin komai. Idanu suka juyo kaina, na maza da na yaran da ke kan katanga. Na zaro mafici daga aljihu, don ban yarda in fito ba shi ba, na shiga fifita, fanka tana hurawa, ƙanƙara tana narkewa, ja tana nan daram. Maroƙi ya zo ya danƙa mini makirufo, ya ce, "Injiniya, ga amanarka," ya ja gefe. Zufa ta jiƙa sabuwar shadda. Na hango surukina ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. A nan ne dabara ta zo mini. Na yafito yaron janareta, na zagaya bayan akwati, na sunkuya, na jingina gwiwar hannuna a kan murfin ampilifaya don in kai bakina kunnensa. Ka tuna na ce rile yakan jira 'yan daƙiƙu kafin ya haɗa. To ya jira, ya bar ni na gyara murya, ya bar ni na waiga hagu da dama, sannan ya haɗa, makirufo yana hannuna daidai haɓa. Abin da lasifikoki biyu suka watsa wa unguwa, har masallacin bayan layi, shi ne muryata cikin raɗa mai kauri: "In an tambaya ka ce janareta ce ke rage wuta, kada ka ce ni ne, zan ba ka kuɗin tsire."

Shirun da ya biyo baya gajere ne. Maroƙi, wanda abincinsa ke nan, ya fizge makirufo. "Injiniya surukin Alhaji! Mai ɗora wa inji laifi ya sallami yaro da tsire! Na gaban ƙanƙara, na bayan mafici!" Makaɗa suka ɗauke shi da kiɗa iya ƙarfinsu, akwati ya shiga rawa. Fanteka kuwa, ashe tun da aka fara kiɗa take tafiya a hankali zuwa baki, ƙanƙarar ta zama rabin ruwa. Ina kallo ta kai gaɓa, ta ɗan yi tunani, ta kife a ƙeyar Baffa. Tsohon da aka ce sai an kama shi yake miƙewa ya yi tsalle ɗaya ya dire a tsakiyar fili yana salati, hula a ƙasa, guntun ƙanƙara yana gangarawa ta cikin aska takwas. Ampilifaya ta ga abin ya isa haka, ta yi ƙas ta kunna jar fitilarta.

Yaron nan bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya kai bayan yatsunsa jikin haƙarƙarin ƙarfen ta baya, ya bar su a wurin. "Kawu, ai sanyi ƙalau take." Ya kashe ta, ya duba ruwa bai shiga ba, ya kira wani suka sauke ta daga kan akwati suka ɗora a benci, ya kunna. Aka yi kiɗa har aka watse ba ta sake yankewa ba. Na tsaya kusa da bencin ina gyaɗa kai, yadda duk wanda ya hango zai ɗauka umarnina ake bi.

Ashe yaron almajirin tsohon nan ne na bakin kasuwa. Washegari muka kai ta, na bi ta lungu. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, rediyoyi matattu jere har rufi, tsohon yana zaune da tabarau ɗaure da zare. Bai taɓa mita ba tukuna. Ya kunna ta a buɗe, ya ɗauki tsinken tsire, ya shiga ƙwanƙwasa fanel a hankali, nan, can, nan. Da ya iso wani ɗan farin soket inda wayoyi biyun tamostat suke shiga fanel, ya taɓa, ja ta kama. Ya sake taɓawa, ta mutu. Ya yi ta kunna ta yana kashewa da tsinke, yana kallona ta saman tabarau. Sannan ya zare wuta, ya sauke cajin kafasitoci ta cikin ƙwan fitila, ya juya fanel, ya miƙo mini gilashin ƙara girma. A gindin ƙafa ɗaya ta soket ɗin, dalmar ta tsage ta yi zobe siriri kewaye da ƙafar, ya fi gashi ƙanƙanta. Ya ɗora mita a kai tana kuka, ya ɗan tura ƙafar da farce, kukan ya yanke.

"Ka ga zafinka, Malam," ya ce.

Bayaninsa bai kai tsawon nawa ba. Tamostat irin wannan a rufe yake kullum, wuta tana bi ta cikinsa, sai ya ji zafi yake buɗewa. Da gangan aka yi shi haka, don in waya ta tsinke ampilifaya ta tsaya, maimakon ta ci gaba ba mai gadi har ta ƙone. Ita ba ta jin zafi da kanta, abin da ta sani kawai shi ne hanya ta yanke. "Kamar uwa ce," in ji shi, "da ta ce wa ɗanta direba, in ban ji wayarka ba zan ɗauka ka yi hatsari. To ga shi caji ne ya ƙare masa, ita tana can tana kuka." Kiɗa ya girgiza akwati, akwati ya girgiza ampilifaya, tsagar ta buɗe. A dafa murfi, ta rufe. A kan teburina babu mai girgiza ta. Guntuwar wayata kuwa a ƙafafun tamostat na ɗaura ta, tsagar tana can gaba a kan fanel.

Ya ɗora bakin ƙarfen liƙi, ya ɗiga sabuwar dalma, hayaƙi ya ɗan tashi. Aikin ke nan. Ya ce wannan sadaka ce. Sannan ya jawo murfin ya ɗaga shi sama, hasken rana ya shigo ta tauraro ya zuba masa a fuska.

"Wannan fa, wa ya yi?"

"Wani ne," na ce. Yaron ya dubi ƙasa.

"To ka gaya wa wanin, fankar asali tana jan iska ta gaba ta bi ta jikin ƙarfe ta fita ta baya. Tasa fankar ya sa ta tana turo iskar ciki, suna dambe. Hujin nan kuma sun sa iska tana shiga ta sama ta fice ba ta bi ta kan ƙarfen ba. Man nan da ya lafta, in ya yi kauri riƙe zafi yake. Da an ƙara mata wata guda a haka, da fitilar nan ta fara faɗin gaskiya." Ya ajiye murfin. "Gyaran gangar Auzinawa."

Na ce lallai zan isar da saƙo. Kuɗin da na biya na warware aikin wanin ne: cire fanka, goge mai, toshe tauraro. Ya fi abin da na kashe a Titin Faransa.

A hanyar dawowa, cikin adaidaita, na zaro katin gayyatar bikin na yi lissafi a bayansa. Kilo ɗaya na alminiyom yana buƙatar jul wajen 900 kafin ya hau digiri ɗaya. A ce ƙarfen kilo 2 ne, zai tashi daga digiri 35 zuwa 85, hawa 50 ke nan: jul 90,000. Ko da wat 150 na zafi ake zuba masa, ba fanka, ba ko ɗigon da ke fita, sai ya yi daƙiƙa 600, minti 10 cif. Ita kuwa takan yanke kafin a gama baiti. Saukowa ma haka: tamostat na gaskiya in ya buɗe ba ya rufewa sai ƙarfen ya huce sosai ƙasa da inda ya yanke, abin da ke cin mintuna, ba kaɗawar mafici ba. Ƙarfen da ya haura digiri 60 ma hannu ba ya iya zama a kansa. Lissafin ya fito tsaf, ban ko goge ba. Dole ya fito, irinsa nake ba 'yan aji biyu na babbar sakandare a jarrabawa duk shekara, ina kuma jan kunnen wanda ya faɗi.

Surukina mutumin kirki ne, bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai ran da na je gaishe shi, ina shirin tashi, ya ce, "Malam, batun tagar nan, ina ga mu ɗan dakata ko?" Na ce yadda Baba ya gani. Baffa kuwa an ce duk wanda zai zo Kano daga Katsina sai ya ba shi sallahu a gaishe ni, a kuma tambaya ko damina ta sauka a wajenmu.

Da aka koma makaranta muka iso babin zafi, na ga bai kamata misali mai kyau irin wannan ya tafi a banza ba. Na ba ɗalibai labarin wani mutum a wani gari mai nisa, wanda ya gaskata fitila ya ƙi gaskata hannunsa. Na kwaikwayi fifitarsa, aji ya kwashe da dariya, ni ma na taya su, na rubuta jul 90,000 a allo na ja layi biyu. Na ce akwai mai tambaya? Wani yaro a layin baya, ɗan unguwar surukaina, ya ɗaga hannu a ladabce.

"Malam, yaron janaretan ya ce in na gan ka in tuna maka. Wai har yanzu mutumin bai ba shi kuɗin tsiren ba."